Fushi da Ganganci: Shari'ar Tsofo Gubba da Tarihin Niyya a Hukuncin Kisan Kai

A shekara ta 1947 wata shari'a da ta taso daga ƙasar Gwandu ta isa gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, wadda a wancan zamani take sauraron ƙararraki daga ƙasashe huɗu da Ingila ke mulka, wato Nijeriya, da Gana ta yau, da Saliyo, da Gambiya. Mai ɗaukaka ƙarar wani mutum ne da takardun kotu suka rubuta sunansa Tsofo Gubba. Ya kashe mutum, kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan ganganci bisa mazhabar Malikiyya, ta yanke masa hukuncin kisa. Alƙalan Turawa ba su yi musun cewa hannunsa ne ya yi kisan ba. Abin da suka tsaya a kansa shi ne halin da zuciyarsa take ciki a lokacin. An tsokane shi tsokana mai tsanani, ya aikata abin da ya aikata cikin hasala, kuma a ƙarƙashin kundin dokar laifuka da Turawa suka kafa, irin wannan kisa bai kai a kashe mai shi ba. Daga ƙarshe suka soke hukuncin.

Ran mutum guda ya rataya ke nan a kan tambaya guda: shin fushi yana tabbatar da laifi ne, ko kuwa yana rage shi? Amsar da aka bayar a ranar ta girgiza kotunan sarakuna da na alƙalai a Arewacin Nijeriya har tsawon shekara 13, kuma daga cikin wannan gardama ce aka samu kundin dokar da ya fara aiki a 1960. A daidai waɗannan shekaru ita ma Nijar ta bi tata hanyar zuwa ga kundinta na 1961. Bin diddigin wannan labari yana nuna yadda dokoki uku da suka haɗu a ƙasar Hausa, ta Malikiyya da ta Ingila da ta Faransa, kowacce ta leƙa zuciyar mai laifi, da kuma wurin da kowacce ta ajiye mabuɗin sassauci.

Tambayoyi uku

Duk wata doka da ke hukunta laifi tana yin tambayoyi uku kafin ta ɗora wa mutum alhaki. Ta farko ita ce ta aiki: me ya faru, kuma hannun wa ya aikata shi? Ta biyu ita ce ta niyya: da wace zuciya aka aikata? Ta uku ita ce ta uzuri: akwai wani dalili da zai ɗauke laifin baki ɗaya, ko ya rage nauyinsa? Harshen Hausa ya san waɗannan bambance-bambance tun kafin zuwan kowane kundi. Yana da ganganci, yana da kuskure, yana da sakaci, yana da tsautsayi, yana da tilas. Idan aka ce wane ya yi abu da gangan, an gama ɗora masa laifi. Idan aka ce zuciya ce ta ɗebe shi, an amince ya yi, amma an buɗe masa wata ƴar ƙofa. Wahalar ita ce babu alƙalin da ya taɓa ganin niyya da idonsa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa alƙali sai ya tambayi makami, da wurin rauni, da abin da ya gabaci faɗan, da abin da ya biyo bayansa.

Ganganci da kuskure a wajen Malikiyya

Kotun Gwandu ta yi hukunci ne da littattafan da malaman ƙasar Hausa suka gada kaka da kakanni: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Waɗannan littattafai ne alƙalan Sakkwato da Kano da Damagaram da Agadas suke buɗewa. A cikinsu kisan kai iri biyu ne kawai: na ganganci da na kuskure. Mazhabobin Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun ƙara iri na uku a tsakani, mai kama da ganganci, wato mutum ya doki wani da abin da bai saba kisa ba amma rai ya fita. Mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik bai karɓi wannan rabo na uku ba, sai a matsalar uba da ɗansa.

Ma'aunin da Malikiyya take amfani da shi ma'aunin gaba ne. Wanda ya ɗaga hannu ya doki wani cikin fushi da ƙiyayya, ko da sanda ce, ko da mari ne, in dai mutuwa ta biyo baya, to ya yi kisan ganganci, ko da a ransa bai ƙudurta raba shi da duniya ba. Wanda kuwa ya harbi dabba kibiyarsa ta sami mutum, ko wanda wasa ya rikiɗe masa ya zama ajalin abokinsa, ana lissafa shi cikin masu kuskure. Ke nan a wannan tsari fushi shi ne babban shaidar ganganci, domin shi ne ke raba dukan gaba da dukan wasa.

Sai dai samun mutum da laifin ganganci ba shi ne ƙarshen zance ba. Ƙisasi haƙƙi ne na magadan mamaci, ba na sarki ba. Su ne za su nemi a kashe, su ne kuma za su iya yafewa, ko kyauta ko bisa sulhu da dukiya. Idan sun yafe, Malikiyya ta tanadi bulala 100 da ɗaurin shekara 1, don kada jini ya tafi babu horo. Kisan gilla kaɗai, wato yaudarar mutum a kashe shi a ɓoye don dukiyarsa ko makamancin haka, shi ne yafewar magada ba ta aiki a cikinsa. A kisan kuskure babu ƙisasi sam, sai diyya ta raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, wadda dangin mai kisan na wajen uba suke biya cikin shekara 3, shi kuma ya yi kaffara.

Uzurori ma suna nan a tsare. Yaron da bai balaga ba da mahaukaci, gangancinsu ana ɗaukarsa a matsayin kuskure. Wanda aka far wa, ya kare kansa ko iyalinsa ko dukiyarsa da abin da ya zama dole, babu komai a kansa. Amma wanda ya sha giya da son ransa ya yi kisa, mayensa ba ya cetonsa, haka nan wanda aka tilasta wa ya kashe wani don ya tsira da ransa. Shi kuwa mijin da ya ce ya tarar da ƙato tare da matarsa ya kashe shi, ba a karɓar zancensa sai ya kawo shaidu huɗu, domin in an buɗe wannan ƙofa, duk mai son kashe abokin gaba sai ya kira shi gidansa ya ƙaga masa sharri.

Yadda Ingila ta yi wa fushi gurbi

Dokar da alƙalan ɗaukaka ƙara suka riƙe a 1947 ta fito ne daga wani tarihi dabam. A Ingila kisan kai laifi ne da aka yi wa sarauta, don haka dangin mamaci ba su da ikon yafewa, kuma a wancan zamani duk wanda aka samu da cikakken laifin kisa, igiya ce makomarsa, alƙali ba shi da zaɓi. Da yake an rufe ƙofar yafewa, sai masana dokar Ingila suka nemi sassauci ta cikin ma'anar laifin kansa. Tun ƙarni na 16 suka fara raba kisan da aka yi da mugun ƙuduri daga kisan da ya auku cikin zafin rai. A 1707 Babban Alƙali Holt ya jera irin tsokanar da doka ta yarda da ita, ciki har da duka na wulaƙanci, da ganin an far wa aboki, da kama mutum yana lalata da matar wanda ya yi kisan. Zagi kaɗai bai isa ba. A ƙarni na 19 aka ƙara wani sharaɗi: dole tsokanar ta kai yadda za ta iya fitar da mutum mai hankali daga hayyacinsa, ƙari a kan tsohon sharaɗin cewa a yi kisan kafin zuciya ta huce.

Wannan ƙa'ida ta iso ƙasar Hausa ta doguwar hanya. Samuel Griffith ya tsara kundin laifuka na jihar Kwinsilan da ke Ostareliya a 1899. A 1904, zamanin Gwamna Lugga, aka kwaikwayi wannan kundi aka kafa shi a Arewacin Nijeriya, sa'an nan a 1916 aka shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya. Amma Turawa sun bar kotunan sarakuna da na alƙalai suna hukunci da fiƙihu, bayan sun hana yanke hannu da jifa, sun kuma sharɗanta cewa ba a zartar da hukuncin kisa sai da sa hannun gwamna. Kundin Turawa da littafin Halil suka ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne a kotunsa, har zuwa 1933, lokacin da aka yi wa sashe na 4 na dokar da ta kafa kundin wani ɗan gyara, aka cire kalmomin da suka keɓe kotunan gargajiya daga bin sa. Shekara 14 aka yi ba a ga tasirin wannan gyara ba, sai da shari'ar Tsofo Gubba ta zo. Kotun ɗaukaka ƙara ta fassara gyaran da cewa duk laifin da kundin ya ambata, da kundin za a hukunta shi, ko a gaban wace kotu.

A nan ne tsarin biyu suka yi karo. Fushin da alƙalin Gwandu ya gani ya ce ga hujjar ganganci, shi ne dai alƙalin Ingila ya gani ya ce ga dalilin sassauci. Kowannensu yana da gaskiya a cikin littafinsa. Malikiyya ta faɗaɗa ma'anar ganganci, domin ta san akwai ƙofar afuwa a gaba, a hannun magada. Ingila ta ƙuntata ma'anar, domin ta san babu wata ƙofa a gaba sai jinƙan sarauta.

Daga 1947 zuwa 1960

Sarakuna da malaman Arewa sun ɗauki hukuncin a matsayin saɓa alkawarin da Turawa suka yi tun 1903, na cewa ba za su sa hannu cikin addini ba. Idan kisa da sata da rauni duk suka koma ƙarƙashin kundi, me ya rage wa alƙali? A 1948 gwamnati ta fito da wata doka da ta mayar wa kotunan gargajiya ikon hukunta laifuka da shari'arsu, tare da bai wa kotunan sama damar gyara hukuncin. Gyaran bai kashe wutar ba. A 1957, cikin shari'ar Maizabo da Hukumar Gargajiya ta Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce alƙali na iya samun mutum da laifi bisa fiƙihu, amma ba shi da ikon ɗora masa horon da ya wuce abin da kundi ya tanada wa wannan aiki. Ma'anar wannan ita ce alƙalin da ya yi karatunsa a zaure, da Risala da Muhtasar, dole ya binciki tsokana irin ta Ingila, wadda babu babinta a littattafansa, kafin ya san ko yana da ikon yanke ƙisasi.

Ƴancin kai yana ƙaratowa, ga kuma waɗanda ba Musulmi ba suna bayyana fargabarsu a gaban kwamitin Willink da ya zagaya ƙasar a 1957 da 1958. Sai gwamnatin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ta kira wani kwamitin masana shari'a a 1958, a ƙarƙashin Muhammad Abu Rannat, Babban Alƙalin Sudan. Cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim na Barno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Shawararsu ita ce a yi kundi guda da zai hau kan kowa, a bar wa fiƙihu al'amuran aure da gado da sauran mu'amala. Aka ɗauki kundin Sudan a matsayin abin koyi, wanda shi kuma ya samo asali daga kundin Indiya na 1860 da Macaulay ya tsara. Wani rukunin malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu ya bi daftarin ya duba shi. Majalisa ta amince da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana guda kafin ƴancin kai.

Sabon kundin ya karɓi tsokana. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga mai kisan kai, sashe na 222 kuma ya cire wanda tsokana mai tsanani ta ba-zata ta raba da ikon mallakar kansa. Magada ba su ɓace gaba ɗaya ba: dokar bin matakan shari'a ta wajabta wa kotun gargajiya ta kira dangin mamaci, ta ji ra'ayinsu, ta rubuta shi kafin ta yanke hukuncin kisa. Amma maganarsu ta koma shawara, ta daina zama hukunci. Shekara 40 bayan haka, daga 2000, Zamfara da wasu jihohin Arewa, ciki har da Kabi inda Gwandu take, suka kafa kundayen laifuka na shari'ar Musulunci ga Musulmi, ƙisasi da diyya suka dawo cikin rubutacciyar doka.

Ƙetaren iyaka

Daga Birnin Kabi zuwa Gaya ko Dogon Dutsi ba wata tazara ba ce, kuma mutanen da ke ɓangarorin biyu dangin juna ne. Amma da a ce irin wannan kisa ya auku a gefen Nijar a 1947, da wani littafi na uku za a buɗe. Faransawa ba su bar wa sarakuna ikon jini ba. Dokar 10 ga Nuwamba 1903, da gyare-gyaren da aka yi mata a 1912 da 1924 da 1931, ta sa manyan laifuka a gaban kotun da kwamandan Bature ke shugabanta, da mashawarta ƴan ƙasa a gefensa, ana bin al'ada matuƙar ba ta saɓa wa abin da suke kira wayewar Faransa ba. A gefe guda kuma ga dokar indijena, wadda tun farko ta bai wa kwamanda ikon jefa mutum gidan kaso har kwana 15 ko tarar faran 100 ba tare da shari'a ba, wani lokaci ma a ci gari guda tara saboda laifin mutum ɗaya. A wannan fage ba a tambayar niyya, ba a sauraron uzuri. An soke indijena tsakanin Disamba 1945 da Fabrairu 1946, sa'an nan dokar 30 ga Afrilu 1946 ta rushe kotunan ƴan ƙasa a fannin laifuka, ta ɗora kowa a kan kundin Faransa.

Wannan kundi shi ne na Napoliyon, na 1810. Sashensa na 64 ya ce babu laifi ga wanda ya yi aiki cikin hauka, ko wanda wani ƙarfi da ba ya iya ture shi ya tilasta masa. Sashe na 328 ya wanke mai kare kansa. Sashe na 321 ya ba da uzuri ga wanda aka tsokana da duka ko da wani mummunan cin zarafi na jiki, sashe na 324 kuma ya ba da shi ga mijin da ya kama matarsa da kwartonta a gidan aure. Uzurin ba ya wanke mutum, amma yana sauko da hukunci daga kisa zuwa ɗaurin shekara 1 zuwa 5. Gyaran 1832 ya ƙara abu biyu: laifin dukan da ya jawo mutuwa ba tare da nufin kisa ba, wanda ya yi kama ƙwarai da rabo na uku da Hanafiyya da Shafi'iyya suka sani, da kuma ikon masu yanke hukunci na duba yanayin mai laifi su rage masa horo. Faransa ta ajiye mabuɗin sassauci ke nan a wurare biyu, cikin jerin uzurorin da doka ta ƙidaya, da kuma cikin hankalin masu hukunci.

Bayan ƴancin kai, Nijar ta kafa nata kundin laifuka da doka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, bisa wannan gini na Faransa. Kundin ya raba kisan da aka shirya tun da wuri, da kisan ganganci na nan take, da dukan da ya zama ajali, da kisan sakaci, ya kuma karɓi hauka da tilas da kare kai. Dokar 16 ga Maris 1962 kan tsarin kotuna ta bar wa al'ada fagen aure da gado da gonaki. Dangin mamaci suna da damar shiga shari'a su nemi a biya su asarar da suka yi, amma yafewarsu ba ta tsayar da tuhumar da hukuma ta shigar.

Kammalawa

Su kansu Turawan da suka kawo uzurin fushi ba su tsaya a inda suke a 1947 ba. Faransa ta soke uzurin mijin da ya kama matarsa a 1975, kuma sabon kundinta da ya fara aiki a 1994 bai ɗauki uzurin tsokana ba. Ingila ta soke tsohuwar ƙa'idar tsokana a 2010, ta maye gurbinta da wata mai tsauraran sharuɗɗa, ta kuma faɗa ƙarara cewa cin amanar aure kaɗai ba hujja ba ce. Babban dalilin da aka kawo shi ne uzurin ya daɗe yana rahusar jinin mata a hannun maza masu kishi. Tsoron da malaman fiƙihu suka nuna tun ƙarnuka da suka wuce, na kada fushi ya zama mafakar mai kisa, ya sake fitowa da wata fuska a majalisun Paris da Landan.

Kuskure ne a karanta shari'ar Tsofo Gubba a matsayin karo tsakanin doka mai tausayi da doka marar tausayi, ko tsakanin wadda ta san niyya da wadda ba ta san ta ba. Dukkan ukun sun keɓe yaro, sun keɓe mahaukaci, sun wanke mai kare kansa, sun raba ganganci da kuskure. Saɓaninsu yana kan wanda ke riƙe da ikon sassauci: magada, ko ma'anar laifi, ko masu yanke hukunci. Rikici ya taso ne lokacin da aka ɗauki rabin wannan tsari aka auna shi da rabin wancan, aka dubi faɗin ganganci a Malikiyya aka manta da afuwar da ke biye da shi.

Wannan tarihi yana da amfani ga malamin makaranta da ke fassara darasin zama ɗan ƙasa, da tafintan da ke tsaye tsakanin zuzu da wanda ake tuhuma a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram. Kalmar ganganci da ke bakin manomi ta sha ruwan fiƙihu shekaru aru-aru, alhali kalmar Faransanci da ake fassarawa da ita tana da iyakokin da wani kundi ya shata mata. Idan aka tambayi mutum ko da gangan ya yi, ya ce e, mai yiwuwa nufinsa shi ne ya doka da saninsa, a rubuta a takarda cewa ya yi nufin kisa. Tsakanin waɗannan amsoshi biyu akwai shekaru masu yawa na zaman kaso.